Inno Ba Ta Kira Sunanshi Ba

Assalamu alaikum Anti Bushira. Don girman Allah ki taimake ni, kar ki tura wasiƙata ƙarƙashin sauran. Zan faɗa maki abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba. Akwai wani mutum da na yi shekara biyu ina so a cikin raina, shi ko sunana ban tabbata ya riƙe ba, kuma yanzu duk na idar da sallah addu'ar da ke fara zuwa bakina ita ce Allah Ya sa duniya ta manta da rubutunshi. Tsoron wannan addu'ar nake ji, Anti. Ban san ina da irin wannan zuciyar ba sai bana.

Shekarata sha bakwai, bana na gama sakandare. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Wagini, amma yanzu muna zaune cikin Batsari, gidan kawuna, shi ya ba mu ɗaki biyu. Abin da ya taso mu ba sai na yi maki dogon bayani ba. Da kaka, shekara uku ke nan, 'yan bindiga suka iske yayana a gonarshi ta wake suka harbe shi. Sunanshi Almustapha. Don Allah in za ki buga wasiƙar nan ki bar sunan yadda na rubuta, za ki gane dalili. Ya bar matarshi Tayyiba da yaro ɗaya. Babanmu ya daɗe da rasuwa, shi ne dama uba a gidan. Mahaifiyarmu, Inno muke ce mata, daddawa take yi ta kai kasuwa, da ita muke ci.

Ni ba mai magana ba ce. In baƙo ya shigo, bayan ƙyaure nake. Abin da na iya shi ne karatun littattafan soyayya a waya, har Inno kan ce wata rana sai tuwo ya ƙone ina can ina auren mutanen da babu su. Na faɗa maki wannan ne don ki san irin kan da ke wuyana lokacin da Dakta Yazid ya zo.

Mai unguwa ne ya kawo shi, wai malamin jami'a ne, yana bincike kan matan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Farar shadda, farin tabarau, ƙamshin turarenshi ya riga shi shigowa. Amma ba wannan ne ya kama ni ba, wallahi. Takalmi ya cire tun daga bakin zaure, ya ƙi kujerar da aka kawo, ya zauna kan tabarma, ya gaida Inno kamar uwarshi, ya yi mata ta'aziyya mai tsawo. Ni na kawo ruwa, Inno ta ce in zauna kusa da ita. Sau ɗaya ya dube ni, ya tambayi ajina, ya ce in dage, irinmu suke jira a jami'a. Iyakar abin da ya taɓa haɗa ni da shi ke nan. Da wannan 'yar maganar na gina gida, na yi fenti, na sa labule, har 'ya'ya na raɗa ma suna.

Ya ajiye rikoda ya yi ta tambaya, Inno na ba shi amsa. To Anti, ke Bahaushiya ce, kin san Almustapha ɗan fari ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inno ta kira sunanshi ba. Yaron nan take cewa, ko wancan, ko ta ce da ni in kira yayana. Kakarmu ce ta yaye shi ta riƙe shi har ya yi aure. Ko ranar da aka kawo gawarshi, mata na kururuwa, ita tana zaune ta juya ma ƙofa baya, sai daga baya na ga ta ciji leɓenta har ya yi jini. A wajenmu haka uwa mai kunya take. Da Dakta ya tambaye ta sunan ɗan nata, sai ta sunkuyar da kai, ni na faɗa. Ya tambaya ko ita ta raine shi, ta ce a'a, ba a hannunta ya tashi ba. Ya tambaya ko tana kewarshi, ta kau da fuska ta ce Allah Ya jiƙan Musulmi. Shi kuma ya yi murmushi, ya ce ya gane, wai shi ma har gobe tsohuwarshi ba ta iya kiran sunan babban yayansu, in tana son shi sai ta ce a kira mata mai hular nan. Da kunnena na ji ya faɗa. Ki riƙe wannan, Anti.

Bayan wata da watanni, Fiddausi 'yar kawu, wadda ke karatu a jami'a, ta zo hutu. Ita ta nuna mani wani shafi a intanet da ake jera malamai, kowa da hotonshi, da takardun da ya wallafa, da waɗanda suka yi aikin tare, sannan ga lamba a gefen kowace takarda. Ta ce lambar nan ita ce sau nawa wasu masana suka ambaci takardar a cikin nasu rubutun, kuma da ita ake auna nauyin malami, da ita ake duba wanda za a ƙara ma girma, da wanda za a gayyata taro ƙasar waje. Ga hoton Dakta yana murmushi. Takardun da ya rubuta shi kaɗai, wata biyu ce a gefenta, wata uku, wata ma babu komai. Sai na ji tausayinshi kamar ni aka hana. A can sama kuma ga sabuwa, wadda aka yi a kan matan Batsari da Safana, sunan wata Baturiya farfesa a farko, nashi na biyu. Lambarta tara.

Daga ranar na samu aikin yi. In na samu naira ɗari biyu, data nake saye, ba don littafi ba, don in je in duba. Tara ta zama ashirin, ta zama arba'in. Ranar da ta haura ɗari na yi nafila ta godiya, ni kaɗai a ɗaki kamar mahaukaciya. Ji nake da ni aka yi, tunda ni na kawo ruwa, ni na faɗi sunan. Takardar kanta ban karanta ba, don sai an biya take buɗewa, 'yan layukan sama kawai nake gani, su ma na haddace su kamar wasiƙar saurayi.

Bana malaminsu Fiddausi ya ba su ita su karanta, ta zo mani da ita a wayarta, fuskarta ba walwala. Turancina ba wani mai yawa ba ne, amma ya isa in gane, inda na kasa ta fassara mani. Su Dakta ba su sa sunan Inno a takardar ba, gaskiya. Sun dai ce wata mata mai kimanin shekara hamsin, daga wani ƙauyen Wagini, mai sayar da daddawa a Batsari, wadda aka kashe ɗanta a gonar wake. Mata nawa ne haka a garin nan? Sannan suka rubuta cewa duk tsawon hirar ta ƙi ambaton sunanshi, ta nesanta kanta da tarbiyyarshi, ba ta nuna alhini ba, kuma wai wannan yana nuna yadda wasu iyaye ke yanke alaƙa da 'ya'yan da ake zargin suna kai ma 'yan bindiga rahoto.

Yayana, Anti. Wanda ya ƙi barin gonarshi don kar mu kwana da yunwa.

Ban yi kuka nan take ba. Cewa na yi Fiddausi ta danna lambar mu ga su wane ne ke ambaton takardar. Muka buɗe waɗanda suka buɗu. Da yawansu ba su ɗauki komai a cikinta ba sai wannan wurin. Wani a wata ƙasa da ban san ma inda take ba ya rubuta cewa bincike ya tabbatar iyaye mata a yammacin Katsina na guje ma gawar 'ya'yansu. Wani ya ɗauka daga wajen wancan, ya mai da mace ɗaya ta zama mata da dama. Wato duk lokacin da na ga lambar nan ta hau na yi tsalle, wani ne ya sake kiran Almustapha infoma, ni kuma ina nafila. Yanzu ta kusa ɗari biyu. An ƙara mashi girma, na ga hoton walimar, har da kek.

Fiddausi na ƙoƙarin kare shi. Ta ce mai yiwuwa Baturiyar ce ta rubuta wurin, ita ce babba, ita ta kawo kuɗin binciken, kuma ba don sunanta ba da mujallar da ta buga takardar ko kallonta ba za ta yi ba. Ta ce ƙaramin malami ba ya ja da farfesar da ta ɗauko shi, kuma su ma matsa masu ake, wanda bai wallafa ba haka zai tsufa a kujera ɗaya. Na ji. Amma ita Baturiyar ban riƙe ta da komai ba, ina ta san kunyar ɗan fari? Shi fa? Shi da uwarshi ke cewa mai hular nan? Ya karanta, ya gane, ya bari, don lamba ta hau. Abin da zuciyata ke faɗa mani ke nan kullum, kuma ɗacinshi har a harshena nake ji.

Kin san abin da kalmar infoma take a ƙasarmu. Akwai gidan da na sani, zargi kawai aka yi, ba wanda ya tabbatar, yau ko gishiri ba a saye a hannunsu, 'ya'yansu ba mai wasa da su, namijin gidan ma sai da ya bar garin. Kwanaki wani malamin makaranta da ke ƙaro karatu ya tare Fiddausi a hanya, yana dariya-dariya, wai ya karanta wata takarda, anya ba gwaggonta ba ce mai daddawar nan? Ta ce mashi ba ita ba ce. In ya faɗa a majalisa fa? Ɗan Almustapha bai fi shekara biyar ba, da wane suna zai tashi?

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne Dakta ya bugo ma kawu waya. Bayan Sallah zai dawo, shi da Baturiyar, za su yi kashi na biyu, wannan karon har da kyamara, kuma Inno suke so musamman. Ita kuwa murna take. Ta ware daddawar da ta fi kyau ta ce tashi ce. Ta ce duk waɗanda suka zo, ƙirga mu suka yi suka tafi, shi kaɗai ya zauna ya saurare ta har ta gama, kuma tun ranar nauyin ƙirjinta ya ragu. Kullum sai ta sa mashi albarka. A gidanmu ni da Fiddausi kaɗai muka san abin da ke cikin takardar, ko kawu bai sani ba.

In na faɗa mata, na kashe mata ɗa sau biyu, kuma na ƙwace mata mutum ɗaya da take ganin ya ji kukanta. In na yi shiru, za ta sake zama gabansu ta sunkuyar da kai, su ɗauki hoton sunkuyon su kai ma duniya. In ce zan tare shi da kaina, ni da ko mai shago ba na iya kallo cikin ido? Kuma ga abin kunyar da ya fi duka: ranar da na ji zai zo, kafin in tuna da komai, sai da na yi tunanin wane mayafi zan sa. Na tsani kaina a kan wannan, na tsane shi, na tsani littattafan da suka koya mani cewa duk mai farin tabarau da tattausar murya mutumin kirki ne.

Na rubuta wasiƙar nan na yaga, na sake rubutawa. Har na ce in bari kawai, abin da Allah Ya yi shi ne daidai. Amma ɗazu na ga Inno tana wanke tabarmar baƙi tana shanyawa. Gobe Fiddausi za ta bi motar Katsina ta koma makaranta. Zan ba ta wasiƙar ta kawo maki, ko da za ta buɗe a hanya ta karanta har wurin mayafin.

Taki,
Ƙanwar Almustapha, Batsari.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Na bar sunansa kamar yadda kika roƙa, na sauya na malamin.

Bari mu fara sauke ƙaramin kayan. Yarinya ta ga mutum mai ladabi a lokacin da gidansu ke cikin baƙin ciki, zuciyarta ta karkata, ba ta faɗa wa kowa ba, ba ta aikata komai ba. Babu abin tsanar kai a nan. Tunanin mayafin ma zai wuce. Kada ki ɓata ƙarfinki a kansa, akwai aiki a gabanki.

Game da lambar da ta hana ki sukuni: ba ta auna gaskiya. Tana ƙirga sau nawa aka ambaci takarda ne kawai. Wanda ya yaba da wanda ya ƙaryata duk ɗaya take lissafa su, haka wanda ya kwafa bai karanta ba. Jami'o'i na amfani da ita ne saboda tana da sauƙin dubawa, kuma ba a banza take ba, domin aiki mai kyau yakan jawo ambato. Sai dai kuskure mai jan hankali shi ma yana jawowa, wani lokacin har ya fi. Saboda haka ɗari biyun nan ba shaidu ɗari biyu ba ne a kan yayanki. Kuskure ɗaya ne aka yi ta maimaitawa.

Shi kuma malamin, ba zan yanke masa hukunci da abin da ke hannunmu ba, ke ma kada ki yi. Abin da Fiddausi ta faɗa yana faruwa: takarda takan bi hannu da yawa, wani ya ƙara, wani ya rage, kuma ƙaramin malami yakan ji nauyin babba. Yana yiwuwa bai lura ba, yana yiwuwa ya yi magana aka rinjaye shi, yana yiwuwa kuma ya gani ya kau da kai kamar yadda kike zato. Amma ko wanne ne, sunansa na kan takardar. Wanda ya karɓi ƙarin girma da ita, shi zai ɗauki nauyin abin da ke cikinta. Kuma ba a haɗa shi da baƙuwa don ya riƙe mata rikoda ba, an haɗa su ne don ya san abin da ba ta sani ba.

Ga abin da za ki yi, kuma kafin Sallah. Wannan ba maganar da yarinya za ta ɗauka ita kaɗai ba ce. Ku sami kawunki ke da Fiddausi, ta karanta masa wurin ta fassara. Shi zai kira malamin, cikin mutunci, ya faɗa masa abin da kuka gani da haɗarin da ya jefa gidan a ciki, ya kuma tuna masa maganar da ya yi da bakinsa a kan mahaifiyarsa. Abu biyu za ku nema. Na farko, su rubuta wa mujallar su gyara, domin mujallun ilimi suna da hanyar buga gyara a manna shi jikin takardar, kuma a cire bayanan da ke nuna ko wace ce. Na biyu, babu wata sabuwar hira, balle kyamara, sai kun ga gyaran da idonku. A yanzu su ke buƙatarku, wannan ne lokacin da maganarku ke da nauyi. Idan ya yi ta kwana-kwana, jami'arsa na da shugaban sashe da kwamitin da ke sa ido kan yadda ake bincike da mutane, kawu na iya rubuta musu. Yadda ya karɓi wannan kiran shi zai nuna miki ko wane ne shi, ba murmushinsa ba.

Ba zan ɓoye miki ba: gyara ba zai bi duk wanda ya riga ya kwafa ya goge ba. Wasu za su ci gaba da maimaitawa. Amma za ku sami abin da za ku nuna wa duk wanda ya buɗe baki a majalisa, kuma yaron zai tashi ya tarar da shi.

Saura Inno, wanda shi ne ainihin tambayarki. Ki faɗa mata. Maganarta ce aka ɗauka, ɗanta ne aka taɓa, ba daidai ba ne kowa ya sani sai ita, kuma gara ta ji a ɗakinta daga bakin ɗan'uwanta da ta ji a kasuwa. Kawu ya yi maganar, ke ki zauna kusa da ita. Kada ku ƙara, kada ku rage. Sauƙin da ta samu ranar da aka saurare ta na gaske ne, kuskuren takarda bai soke shi ba. Matar da ta ga abin da ta gani ta tashi ta ci gaba da dafa kalwa ta fi ƙarfin yadda kike tsoro. Bayan ta ji, ita za ta zaɓa: ta rufe ƙofarta, ko ta karɓe su ta faɗa musu abin da ke ranta. Duk wanda ta zaɓa ku tsaya mata.

Abu ɗaya ne kawai ba zan so ku sassauta a kansa ba. Idan suka zo suka ce hanyar gyara ita ce ta dubi kyamara ta kira sunansa ko ta yi kuka don duniya ta yarda tana son ɗanta, ku ce a'a. Ba ita ta yi kuskure ba, ba ita za ta sauya ba. Su za su koma su rubuta abin da shirunta ke nufi.

Addu'arki kuwa, ki juya ta: ki roƙi Allah Ya bayyana gaskiya, Ya ba malamin ƙarfin halin gyara abin da ya sa wa hannu. Ki daina sayen data don leƙa lambar, ki nemi fom ɗin jami'a. Allah Ya tsare ku, Ya raya maraya, Ya sanyaya zuciyar Inno, Ya mai da ku gida lafiya.

Anti Bushira.